Tambayar da Ba a Yi a Gaban Suruki

Duk shekara in aka turo mana sababbin nas zagayen koyon aiki, ɗakinmu suke rububi. Na san dalili, ba sai an faɗa mini ba. Sun leƙo ta taga sun ji sanyin na'ura, sun ga marasa lafiya kwance lamo kowa da bargonsa, sun gan ni zaune na harɗe hannu, sai suka yanke hukunci cewa a ɗakin wankin ƙoda inji ne ke aiki, mu kuwa gadinsa muke yi. Wata ma ta taɓa ce mini, ko kunyar furfurata ba ta ji ba, "Sista Rabi, ku kam kun huta, danna maɓalli ne kawai." Na ce to, ta zo gobe da sassafe ta danna.

Da ta zo ban kai ta wurin inji ba, bayan ɗaki na ja ta, inda tankunan ruwa suke. Daga nan aikin yake farawa. Ruwan burtsatsenmu na Jalingo in ka gan shi a kofi sai ka rantse ba abin da ya fi shi tsabta, amma da damina bar shi ya kwana a bokiti ka ga jan da zai kwanta a ƙasa. Sai ya bi ta yashi, ya bi ta gawayi, ya bi ta tankin gishiri, sannan ya shiga matata ta ƙarshe, kuma kowace safiya sai na ɗiba na gwada kafin na yarda a kunna ko inji ɗaya. Ruwan da mutum ya sha da baki yana da hanjin da zai tare masa datti. Wannan kuwa, tsakaninsa da jinin mutum wata 'yar fata ce da ba ta kai ɓawon albasa kauri ba, kuma a zama ɗaya abin da zai wuce ta gefen jinin ya fi rabin duro.

Daga ruwa sai jera tiyo. Ja ne ke ɗauko jini daga jiki, shuɗi ke mayarwa, a tsakiya kuma ga kwalbar tacewa, wadda marasa lafiya ke kira ƙodar roba. Sai an cika su da ruwan gishiri, a bi su da yatsa ana ƙwanƙwasawa har kumfar iska ta ƙarshe ta fita, don iska in ta shige jijiya ba mai kiranta ta dawo. Sannan a zo kan tiyon wuya, wanda likita ke dasa wa sabon marar lafiya a ƙasan haɓa. Bakinsa na waje ne kuke gani, ɗaya bakin yana can dab da zuciya. Duk wadda na kama ta buɗe shi ba safar hannu, ko ta bar ƙyallen rufe hanci a haɓa tana hira a kansa, ranar za ta san ina da baki. Yarinyar nan tamu mai danna maɓalli kafin a kira azahar ta nemi kujera.

Ni ma ba da wayo aka haife ni ba. A unguwar Turaki na tashi, gidanmu 'yan koli ne da kakanmu ya taso da su daga Zariya, kuma na yi shekaru a ɗakin haihuwa kafin a ce za a kawo injinan ƙoda a kuma tura ni wani babban asibiti a wata jiha na koyo. Can na faɗa hannun Matiron Ladi, wata doguwar mata 'yar Filato da ba ta dariya sai in aiki ya tashi. Na yi makonni ba ta bar ni na taɓa inji ba. Aikina in ɗora mutum a sikeli, in danna ƙaurinsa da babban yatsa in ga ko ramin zai tsaya, in dubi jijiyar wuyansa, in saurari numfashinsa. Takan juya fuskar injin ta kalli bango, ta ce, "Gaya mini ruwa nawa ke jikin bawan Allahn nan." In na kuskure ba ta zagi, cewa take in sake dannawa.

Ita ce ta koya mini raba marasa lafiyarmu gida biyu. Akwai wanda ƙodarsa ta mutu a hankali, hawan jini ko ciwon siga suka yi shekaru suna cinta. Wannan shi da inji sai dai in an yi masa dashe. Akwai kuma wanda ƙodarsa lafiya lau take jiya, sai wani abu ya buge ta farat ɗaya: zubar jini wurin haihuwa, amai da gudawa, saran maciji, zazzaɓi mai zafi, ko wani jiƙon da aka ɗura masa. Matiron takan ce irin wannan ƙodar suma ta yi, kuma wanda ya suma yana iya farfaɗowa. Inji riƙon ƙwarya kawai yake yi mata. Amma in ka ɗauke shi kamar na farko, kana matse masa ruwa duk zuwa har jininsa na sauka, to kai da hannunka kake ƙarasa ƙodar. Kuma inji ba zai taɓa yin ƙara ya ce maka ƙoda ta farka ba. Abin da zai gaya maka shi ne fitsari da gwajin jini, shi ya sa tambayar farko ga irin wannan mutum, kafin ma ya gama zama, ita ce, "Fitsari fa?"

Da na dawo gida, cikin waɗanda suka fara kwanciya a gadajenmu akwai Oga Terna, ɗan ƙabilar Tibi, tsohon direban tirela da ke zaune a unguwar Mayo Gwoi. Shi ɗan gida na farko ne a rabon Matiron, hawan jini ya gama da ƙodarsa tun yana kan hanya bai sani ba. Sau biyu a sati yake zuwa, ya san kukan kowane inji, ya san wanda ya sha ruwa a ɓoye tun kafin sikeli ya tona shi. Bakinsa ba ya shiru. In sabon marar lafiya ya ga jininsa na bin tiyo ya fara salati, Terna ne zai ce masa, "Kwanta, ɗan'uwa, wanki ne kawai, za a maida maka kayanka." Ya rage mini aikin lallashi ƙwarai, ko da yake ya ƙara mini na tsawatarwa.

Shekarar da ba na son tunawa ita ce wadda ruwa ya yi yawa, rijiyoyi suka haɗe da masai, amai da gudawa ya shiga ƙauyuka. Wanda aka kawo da wuri aka ɗaura masa ruwa ya tashi. Wanda ya kwana biyu a gida ana ba shi jiƙo, shi ne ke isowa wurinmu, gudawar ta tsaya, fitsarin ma ya tsaya, numfashinsa na warin fitsarin da ya ƙi fita. Injinanmu ba su taka kara sun karya ba, ga ɗaya ya lalace ana jiran kayan gyara daga Legas, ga janareto na tari. Mukan rage wa tsofaffin marasa lafiyarmu lokaci don a samu a ɗora sababbi, Terna ma da kansa ya sha cewa a fara da wani. Wasu mun riƙe su, wasu sun kuɓuce mana. Na yi kuka a ɗakin tankuna a shekarar nan fiye da sau ɗaya, na wanke fuska na dawo.

Cikin wannan hali aka kawo Baffa Buba, wani dattijon Bafulatani daga ruga, siriri, fari, da rawaninsa da bai yarda a cire ba sai da aka zo dasa tiyon wuya. Bayan wanki na farko da na biyu hankalinsa ya dawo, bayan 'yan kwanaki aka sallame shi daga kwanciya, aka ce ya riƙa zuwa daga gida sau biyu a sati. Ruga ta yi nisa, 'ya'yansa maza na tare da shanu, don haka ya sauka a unguwar Sintali, gidan mijin 'yarsa, wani tela mai suna Sa'idu. Sa'idu ne ke kawo shi a keke, ya riƙe masa takalmi, ya tsuguna a bakin ƙofa har a gama. Ban taɓa ganin suruki mai ladabi irinsa ba. Ba ya kallon fuskar tsohon, ba ya kiran sunansa, in zai yi maganarsa sai ya ce "su Baffa".

Tun zuwan farko Baffa ya faɗa mana iyakarsa. Ya ce zai jure wannan abu har ruwa ya ɗauke. Ranar da shanu za su gangara fadamar Binuwai kiwon rani, ƙafarsa ƙafarsu, ko da inji ko ba inji. Likitanmu, wani natsattsen mutum daga kudu da Hausarsa ta kasuwa ce kawai, ya sa aka bayyana masa cewa in ya tafi ƙodar ba ta farka ba, ba zai ga wata damina ba. Baffa ya ce ya ji. Daga ranar na san tsere muke da kaka.

Duk zuwa sai na yi tambayata. "Baffa, fitsari fa?" Sai tsoho ya juya ya kalli bango, Sa'idu daga bakin ƙofa, kai a sunkuye, ya ce, "Babu canji, Sista." Da farko gaskiya ne, babu. Ni 'yar Jalingo ce, na san kunyar Fulani, don haka wata rana na aiki Sa'idu sayen magani na tambayi tsohon shi kaɗai. Ya ja rawani ya rufe baki ya ce, "Jam," wato lafiya. Ina sa'ar 'yarsa, me nake jira ya ce? In likita ya zo zagaye shi ma sai ya tambaya, Sa'idu ya matso ya yi ƙus-ƙus da Fulatanci, tsoho ya ce "Jam," a ce wa likita babu canji.

Abin da ya dame mu shi ne sikeli. Wanda ba ya fitsari, duk abin da ya sha yana nan a jikinsa, don haka yakan dawo mana da nauyi, mu cire. Baffa kuwa kullum raguwa yake. Muka ce rashin cin abinci ne, don kowa ya san dattijon Bafulatani ba zai zauna ya cika cikinsa a gidan suruki ba, kuma Sa'idu ya tabbatar mana kwanon yakan dawo kusan yadda aka kai shi. Likita ya ce a daina cire masa ruwa ko kaɗan, a wanke jinin kawai. Duk da haka in ya yi awa biyu a kan inji sai jininsa ya faɗi, idonsa ya juya, sai mun ɗaga ƙafafunsa mun tura masa ruwan gishiri. Kowace faɗuwa irin wannan mari ce ga ƙodar da muke jira ta tashi. Gwajin jininsa ya ɗan nuna sauƙi, sai kuma ya cije wuri ɗaya. Likita ya fara maganar cewa in aka ƙara 'yan makonni a haka, sai a tura shi a haɗa masa jijiyar hannu, ya shiga sahun su Terna. Ni kuwa na san ba zai shiga ba, jeji zai koma.

Gadon Baffa na kusa da na Terna, kuma Tibi da Fulani abokan wasa ne tun kaka da kakanni. Tun ranar farko Terna ya kafa masa ƙahon zuƙa. "Kai Bafulatani, ina sauran shanun? Waɗanda kakanka ya ba kakana ajiya mun cinye, ka kawo wasu." Tsohon da ba ya ɗaga ido ya kalli kowa sai ga shi yana murmushi cikin rawani, yana cewa, "Ɓarawo. Allah ya kama ka, ga shi an ɗaure ka da igiya." Terna ya ce, "Igiya ɗaya ne da naka." Da shi kaɗai Baffa ke magana a ɗakin nan.

Wata Talata aka tashi da ruwa kamar da bakin ƙwarya, suka iso a makare, a jiƙe, na ɗora Baffa a gurguje. Can wajen awa ta uku na ga ƙafarsa ta dama tana rawa a ƙarƙashin bargo. Gumi ya tsattsafo masa a goshi, ya damƙe ƙarfen gado. Na ce shi ke nan, jini ya sake faɗuwa. Na auna, sai na ga hawa ma ya yi. Na taɓa sha-raɓarsa ko jijiya ce ta ɗaure, na ji ta sakwaf. Na duba tiyo, na duba inji, na taɓa jikinsa ko zazzaɓi ne daga tiyon wuya. Babu ko ɗaya. Na ce, "Baffa, ina ke ciwo?" Ya ce, "Jam." Sa'idu ya miƙe tsaye a bakin ƙofa, ya rasa inda zai sa hannunsa.

Terna ya daɗe yana kallon ƙafar nan. Sai ya ce, da Hausarsa da ba ta raba mace da namiji, "Sista, ka bar taɓa shi. Wannan ba ciwo ba ne."

Na ce, "To mene ne, likita?"

Ya ce, "Fitsari ne ya matse shi. Ni direba ne. Daga Wukari zuwa nan na sha riƙe shi, haka ƙafana yake yi a kan totur. Shekara nawa ban yi ba, amma ban manta ba." Ya juya ya ɗaga murya yadda duk ɗakin zai ji. "Kai Buba, mai shanu. Fitsari kake ji ko ba fitsari ba?"

Kafin ya rufe baki Sa'idu ya yi waje, ko takalmi bai tsaya sawa ba, cikin ruwan nan. Baffa ya ja rawani har ido. Terna ya ce, "Surukin ya gudu. Sista kuma ba ya jin magana, kurma ne. Faɗa mini." Na juya baya na kama gyaran tiyon da ba abin da ya same shi. Sai na ji muryar tsohon ƙasa-ƙasa, da Hausarsa ta ruga, yana cewa, "Ina ji."

"Yau ya fara?"

"Ya daɗe."

Na maida masa jininsa, na ja labule, na kira ma'aikaci namiji ya miƙa masa kwalba. Da aka fito da ita cike take har wuya. Na ɗaga ta a hasken taga ina kallo cikin murna, har wata marar lafiya ta ce ko zuma aka ba ni. Wallahi a ranar ta fi mini zuma.

Sauran labarin ma ta bakin Terna muka ji, shi yana tambaya ni ina wanke hannun da na riga na wanke. Makonni ke nan da fitsari ya dawo, da kaɗan-kaɗan, daga baya da yawa. Amma bayin gidan Sa'idu na can ƙuryar tsakar gida, jikin ɗakin Sa'idun, da ƙyauren langa-langa mai ƙara. Kafin tsoho ya kai can sai ya ratsa gaban 'yarsa tana girki, ya wuce tagar surukinsa, buta a hannu. Ya ce gara mutuwa. Sai ya riƙa riƙewa, in ya fita masallaci ya rage a can, ya kuma daina shan ruwa sai ɗan abin da zai jiƙa maƙoshi, don kada abin ya taso masa a gida. Ga shi dama mun ce masa ya rage ruwa, ya samu hujja. Ranar zuwa asibiti yakan saci jiki ya zaga kafin a ɗora shi, amma yau ruwan sama ya makarar da su, Sa'idu na riƙe da lema a kansa tun daga gida har bakin gado.

Da likita ya zo ya ga kwalbar ya ji bayani, sai ya zauna a bakin gadon da ba kowa ya dafe kai, yana dariya yana girgiza shi. Ya ce ƙodar ta farka tuntuni, ƙishirwa ke neman sake kwantar da ita. Nan take aka ɗaura wa Baffa ruwa, aka kwantar da shi a ɗakin maza na yini da kwana don a tara fitsarin a jarka a auna ƙarfin ƙodar. Sakamakon ya faranta mana rai, amma bai kai a cire tiyo ba. Likita ya ce sai ya sha ruwa, ya ci abinci, a riƙa tsallake wanki ɗaya ana duba jini, a ga ko ƙodar za ta ɗauki kayanta ita kaɗai.

Na samu Sa'idu a baranda zaune a ƙasa. Na ce masa, "Malam Sa'idu, duk tambayar da likita ke yi, me kake faɗa wa Baffa?"

Ya ce, "Nakan ce likita na gaishe su, yaya jiki."

"Kuma ba ka san ya dawo ba?"

Ya kama zane a ƙasa da tsinke. Ya ce, "Ina ganin yadda suke saurin fita masallaci tun ba a kira ba. Na yi zato. Amma Sista, ta ina zan fara? Uban matata ne fa. Kuma wallahi na ɗauka tambayar nan taku kamar gaisuwa ce, ban san ita ce maganin ba." Idonsa ya kawo ruwa. Na zo da niyyar wanke shi tas, sai na ji tausayinsa ya kashe mini baki. Na ce masa abu ɗaya ya rage, in tsoho ya koma gidan nan yadda yake, ba zai sha ruwa ba, in kuwa bai sha ba mun koma gidan jiya.

Ban ba shi shawara ba, shi ya nemo mafita. Washegari ya naɗe tabarmarsa ya koma shagon ɗinkinsa da kwana, ya bar wa surukinsa gidan. Ya sa aka cire ƙyauren langa-langar aka rataya buhu. Matarsa kuma takan ajiye tulun ruwa da ƙwaryar fura a ƙofar ɗakin mahaifinta, ta shige maƙwabta, sai ta ji ya fita masallaci ta dawo ta kwashe. Unguwa ta yi ta surutu wai tela ya yi faɗa da matarsa, bai tanka wa kowa ba. Mu kuma a ɗaki muka tabbatar ranakun Baffa ba su saɓa da na Terna ba. In suka iso Sa'idu ya tsaya a waje da kansa, ni in juya baya, Terna ya yi tambayar da salon da ba zan iya maimaitawa a rubuce ba, ya ba likita amsa.

Sikeli ya fara hawa, hawan kirki, na nama. Jini ya daina faɗuwa. Aka maida shi sau ɗaya a sati, dattin da gwaji ke nunawa a jini ya ci gaba da sauka. Aka tsallake sati guda ba wanki, muka jira sakamako, ya fito bai hau ba. Sai ga ruwa ya ɗauke, ciyawa ta fara ja, manyan 'ya'yansa biyu suka iso da sandunansu, suka ce shanu sun ƙosa, sun zo tafiya da Baffa. Likita ya ce a ba shi ɗan lokaci, ba zai cire tiyo ba sai ya ga gwaji ya tsaya da ƙafarsa sau da yawa, kuma ba mai shiga jeji da tiyo a wuya, ƙwayar cuta za ta bi shi har zuciya. Baffa ya fara tattara rawaninsa. Na yi magana, likita ya yi, yaran na kallon ƙasa.

Terna ya ce daga gadonsa, "Ku bar shi ya tafi. Jeka, Buba, ka mutu a hanya. Ni dama sauran shanun nake jira, na riga na sayi gishiri." Tsoho ya tsaya da rawani a hannu ya dube shi. Ya juya ya yi wa yaran magana da Fulatanci, gajeriya. Suka tafi da shanu, shi ya zauna.

Cire tiyon wuya ba ya ɗaukar lokaci, amma ba a gaggawa. Aka kwantar da shi kai a ƙasa, likita ya yanke zaren ɗinkin, ya ce ya riƙe numfashi, ya zare, ni kuma na danne wurin da auduga na tsaya a kansa har jinin ya tsaya cak. Ina danne ina karanta masa dokoki, babban ɗansa da ya dawo ɗaukarsa yana saurare: ƙodar da ta taɓa suma ba ta son wasa, ba maganin ciwon jiki na kemis, ba jiƙo, in gudawa ta sake zuwa a fara ruwan gishiri da suga a kamo hanyar asibiti a ranar, kuma ya riƙa zuwa gwajin jini ko yana jin kansa garau. Na ce, "Baffa, ruwa kuma a sha." Ya ce, "Useko, ɓingel am," wato na gode, 'yata. Ranar ce ya fara kallon fuskata.

Da ya tashi ya naɗa rawaninsa ya rufe filastar, bai nufi ƙofa ba, gadon Terna ya nufa. Terna na kan inji, jininsa na zagayawa. Baffa ya kama hannunsa marar allura da hannu biyu ya riƙe. Can ya ce in shanu sun dawo zai aiko masa da ɗan maraƙi, don ya huta da sata.

Terna ya ce, "Riƙe maraƙinka, likita ya hana ni nama da yawa. Abu ɗaya za ka yi mini. In ka kai jeji, ka samu gindin bishiya mai kyau, ba suruki, ba Sista, ka tsuguna ka yi har da nawa."

Ɗakin ya kwashe da dariya, har da likita da sai da aka fassara masa. Baffa ya toshe baki da rawani, kafaɗunsa na rawa, ya fita a haka, Sa'idu na biye da shi nesa-nesa riƙe da buta. Terna ya bi su da ido ta taga har keken ya fice daga get. Sannan ya gyara bargonsa ya ce, "Sista, nawa ya rage mini?" Na duba agogon inji na ce da saura. Ya ce to, ya rufe ido.